Kwalbar da Ta Zo da Sanyi

Ku yaran da ake turo mana daga lakwal, wato makaranta, kuna yi wa aikin labo, ɗakin awon asibiti, kallon aikin hutu. Rannan na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai ya zaɓe shi ne don a inuwa ake zama, ba ɗaukar mara lafiya, ba wankin gyambo, sai leƙen mikroskof da ɗan rubutu. Ni Ishaya na yi shekara talatin da ɗoriya ina wannan leƙen a asibitin mishan na ƙasar Madawa, kuma abin da ya fi yi mini nauyi a duk tsawon aikin bai cika cokalin shayi ba.

A hannun Baba Iliya na koya. Gajeren tsoho ne mai ido ɗaya da rabi, don ɗayan ya shanye saboda runtsewa a bakin mikroskof. Wata shida na yi ina wanke lam, wato ƴan gilasan nan da ake shafa jini ko majina a kai, kafin ya bar ni na taɓa injin. Ku yanzu in kun yi amfani da lam sai ku jefa a kwando. Mu dafa su muke yi, mu goge da tsohon zane, mu ɗaga su ga rana, in akwai ko ɗigon maiƙo a sake. Mikroskof ɗinmu mai madubi ne a ƙasa, in an ɗauke kuran, wato lantarki, sai ka ja tebur bakin taga ka tari hasken rana da shi. Injin tace fitsari da hannu ake juya shi kamar mai niƙan tattasai, har kafaɗarka ta yi tsami.

Amma kafin duk wannan, Baba Iliya ya sa na haddace tambaya uku kamar ayar Littafi: na wane ne, yaushe aka ɗauka, a cikin me aka kawo. Duk abin da aka miƙo ta taga, ba a ajiye shi a tebur sai an yi su. Dalili kuwa mutanenmu suna da nasu dabarun. Mace za ta kawo bayan gidan yaro a kwalin ashana, ka tambaya ka tarar na ƙanensa ne, don shi mara lafiyar ya ƙi yi, ita kuwa ta ga ai tuwo ɗaya suke ci. Wani zai kawo fitsari a kwalbar da aka sha lemo bai ɗauraye ba, ka auna ka ga sukari kamar a rake. Baba Iliya yakan ce injin ba ya ƙarya, amma duk abin da ka ba shi shi zai karanta maka.

A farkon shekarun casa'in akwai wata lokotoro, wato likita, Baturiya da muke kira Doguwa. Ran Alhamis da la'asar takan tara mu ma'aikata ta yi mana karatu a allo. Wata rana ta zana ƙwayar jikin mutum, irin ƙananan nan da ido ba ya gani, ta ce kada mu ɗauka jakar ruwa ce kawai. A cikinta akwai siraran bututu da ke riƙe ta, kamar yadda kara ke riƙe jinka. Ta ce sunan sinadarin da ake gina su da shi tubulin, kuma umarnin ƙera shi a rubuce yake cikin gadon da kowa ke ɗaukowa daga uwa da uba. In ƙwaya za ta rabu biyu, bututun nan ne ke jan gadon, rabi nan rabi can. Maganin tsutsar ciki da muke bayarwa kullum, na tsutsar yake lalatawa ya bar na mutum. Sai ta zana ƙwayar maniyyi da wutsiyarta, ta ce in ka yanka wutsiyar nan ka leƙa, bututun ne a jere, tagwaye tara a kewaye, biyu a tsakiya, suna gogar juna, shi ne wutsiyar ke kaɗawa. Ta ƙara da cewa akwai maza ƙalilan ƙwarai da ake haifa da kuskure a gadon da ke tsara ginin wutsiyar. Nasu ƙwayoyin suna da rai, amma ko ɗaya ba ya motsi, kuma ba magani.

Karatun nan ya shige ni. Na zana shi a littafina, na riƙa maimaita wa matata har ta ce in bar ta ta ci abinci. Baba Iliya da bai yi lakwal mai zurfi ba ya saurare ni sarai, sannan ya ce, “To, madalla. Sai dai wanga abu ba ka ganinai da injimmu. Abin da kag gani shi za ka rubuta.” A raina na ce tsoho ya tsufa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a lokacin ban san na sa shi a wuya ba.

Sai mummunar shekara ta zo, wadda ta biyo bayan faɗuwar darajar kuɗinmu na sefa. Kayan aiki suka daina isowa. Jan rinin da muke ɗigawa a kan maniyyi don rabe matattun ƙwayoyi da masu rai ya ƙare tun da sanyi, ba a sake kawowa ba. Amfaninsa shi ne matacciyar ƙwaya tana shan ja, mai rai tana ƙi. Da bazara ta kama, sanƙarau ya faɗo wa ƙasa. Aka kafa rumfuna a filin asibiti, marasa lafiya a kan tabarmi har bakin ƙofa. Daga safe zuwa faɗuwar rana ruwan ƙashin baya kawai nake dubawa, kwalba na bin kwalba, galibi na yara. Baba Iliya yana kwance a gida da ciwon ƙafa, Doguwa ta tafi ganin gida, sauran likitoci suna cikin rumfuna. Ni kaɗai ne a labo.

A cikin wannan hali Malam Nomau ya zo tagata. Manomi ne daga wani ƙauye bayan Garhanga, dogo, mai ƴar furfura a gemu, ya girme ni da kusan shekara goma. Shekara tara da aurensa da matarsa Tsahara ba ta taɓa ko ɓari ba. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, an duba ta a wurinmu ba a sami komai ba, sai aka ce a duba mijin. Ku sani a wancan zamani namijin da zai yarda da wannan ba shi da yawa. Shi ya yarda, don ya gaji da ganin ana ɗura wa matarsa ɗaci.

Ya miƙo takarda yana kallon ƙasa. Ƙa'idar aikin a fili take: akwai ɗan ɗaki a bayan labo, a nan ake ɗauka, a kawo kafin awa guda ta cika, da ɗuminsa, ba a sa shi a rana, ba a sa shi a sanyi. Wannan duka ya kamata in faɗa masa da baki, dalla-dalla. Amma ga mata a layi a bayansa, ga shi babba, sai kunya ta kama ni. Na tura masa kwalba na ce, “Ka san abin da aka so. Ka kawo da hamzari, kak ka bari shi lalace.” Ya ce to, ya sa kwalbar a aljihu ya tafi.

Bayan kwana huɗu ya dawo, ran kasuwa da hantsi. Ya kwance wani tsumma ya miƙo kwalbar. Har yau ina jin ta a tafin hannuna: sanyi ƙalau, da raɓa a jikinta. Hannuna ya gaya mini, ban saurara ba. Kwalaben sanƙarau bakwai ne ke jira a tebur. Ban yi tambaya ko ɗaya cikin ukun ba. Na ɗiga a lam, na rufe, na leƙa. Ga su nan, kai da wutsiya lafiya lau, amma shiru kamar an zana su. Na zagaya lam ɗin gaba ɗaya, ko ɗaya bai kaɗa ba. Da akwai jan rini da na ga duk sun sha ja, in gane matattu ne. Babu. Abin da ya zo mini a rai shi ne allon Doguwa. Na ce yau ga abin da ta ce ƙalilan ne, ya zo hannuna ni Ishaya. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Na rubuta a takarda cewa babu ko ɗaya mai motsi. Wannan gaskiya ce. Sai na ƙara a ƙasa da bik ɗina, wato biro, cewa na gado ne. Wannan ba aikina ba ne, kuma ban gan shi ba. Ƙa'ida ta ce ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an sake bayan makonni, kuma likita ne ke magana da mai awo, ba mutumin labo ba. Nomau ya leƙo ta taga, ya rage murya.

“Likita, motar Keita na shirin tashi, kuma can wajen manya layi ya yi yawa. Don Allah mi kag gani?”

“Malam Nomau, sai haƙuri. Matsalar wajenka take, ba wajen iyalinka ba.”

“Akwai magani?”

“Abin gado na. Da shi anka haihe ka. Ba ka samun haihuwa.”

Ya karɓi takardar. Sannan ya ce Allah shi ke bayarwa, shi ke hanawa, ya naɗe takardar ya sa a hula, har godiya ya yi mini. Ni kuwa na koma kan kwalabena, kafin azahar na manta da shi.

Sanƙarau ya lafa da saukar ruwa. Baba Iliya ya dawo yana ɗingishi. Bayan an gama girbin hatsi, wata safiya wani dattijo mai farin rawani ya tsaya a tagarmu, ba kwalba a hannunsa, sai takarda da ta yi laushi don naɗewa. Ya ce sunansa Malam Illa, daga Babankatami, shi ne mahaifin Tsahara.

“Wa yar rubuta takardag ga?”

Na duba na ga rubutun hannuna. “Ni na, Baba.”

“To ɗiyata na da ciki. Mijinta ya ce likita ya hwaɗa mai ba shi haihuwa, ya maido man ita tun cikin damana. Ta dahwa Alƙur'ani ta ce ba ta san wani namiji ba. Ni na san ɗiyad da nir rena. Amma mutane sun ce takardar likita ba ta ƙarya. Shi na niz zaka in ji daga bakinka.”

Daga baya na ji sauran. Da Nomau ya koma gida bai gaya wa kowa ba. Ya zubar da tukwanen sassaƙe, ya nemi gafarar matarsa a kan shekarun da aka ɗora mata laifi, suka zauna lafiya. Da ciki ya bayyana ta zo masa da albishir tana dariya, shi kuwa ya ciro takarda daga hula. Ya nuna wa wansa, wan ya gaya wa matarsa, kafin Juma'a duk ƙauyen ya sani. Bai sake ta ba, ya dai ce ta tafi gida, kuma abin da ke cikinta ba zai raɗa masa suna ba.

Baba Iliya ya karɓi takardar ya kai ta kusa da idonsa mai kyau. Bai ɗaga murya ba.

“Ishaya, ƙarhe nawa anka ɗauka?”

Na ce ban tambaya ba.

“Cikin mi anka kawo?”

A nan sanyin kwalbar ya dawo mini a tafin hannu. Na zauna a kan benci. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ba tsoron kora daga aiki ba, tsoron abin da na yi wa matar da ban taɓa ganin fuskarta ba. Baba Iliya ya ce wa dattijon ya ba mu kwana uku. Da dattijon ya fita, Baba Iliya ya juyo gare ni ya ce, “Magana zarar bunu ta. Amma tunda kai kaz zare, kai za ka bi ta har inda tat tahi.”

Na nemi izini na hau motar kasuwa. Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, hanyar duk dutse, sannan na ƙarasa da ƙafa daga Garhanga. Ina tafe ina lissafin tsawon hanyar, na san amsar tun kafin in isa. Na tarar da Nomau yana jera damman hatsi a rumbu. Ya rame. Na ja shi gefe, bayan dangar gona, na yi masa tambayoyin da ya kamata in yi wata bakwai da suka wuce.

Ya ba ni amsa da natsuwar mutumin da ya san ya yi abu daidai. Ya ce abu irin wannan ba a yinsa a gidan mutane, ga shi sai an yi wanka bayansa, shi ya sa ya koma gida wurin iyalinsa. Da asuba ya ɗauka, mota ba ta samu ba sai washegari.

“Ka ce kar in bari shi lalace. Na ga masu allurar sanƙarau da sunka zaka garimmu, maganinsu cikin akwatin sanyi shike, ko buɗewa ba su so. Nic ce ashe kayan likita sanyi suka so. Nin naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma nis sa ƙarƙashin randa. Da munka iso tashar Madawa nis sayi ƙanƙara nid daɗa mata. Wallai na kula da ita awa jinjiri.”

Na ce masa abin nan ɗumin jiki yake so, awa ɗaya kawai yake jurewa a waje, kwana guda da ƙanƙara kuwa ko na wane ne sai ya mutu. Na ce ba gadonsa na gani ba, gawa na duba na yi mata hukunci, kuma laifin nawa ne don ban faɗa masa ba, ban tambaye shi ba. Ya dube ni da jajayen idanu.

“Da bazara kac ce babu. Yanzu ka ce akwai. Wace za ni ɗauka?”

“Kak ka ɗauki ko guda. Taho ka gani da idonka.”

Sai da ya gama jera damman sannan ya yarda. Washegari muka hau mota tare zuwa Madawa.

Baba Iliya ne ya yi masa bayani, a cikin labo, ƙofa a rufe. Na tsaya ina jin yadda tsohon ke kiran kowane abu da sunansa, ba dariya, ba kewaye-kewaye, kamar mai bayanin shukar wake. Ya nuna masa ɗakin baya, ya ajiye masa bokitin ruwa da buta don wanka. Ashe abin da na kasa ke nan, magana ta minti biyu. Kwalbar ta zo da ɗuminta. Na ɗiga, na saita, na leƙa, sannan na tashi na ba Nomau kujerata. Baba Iliya ya koya masa runtse ido ɗaya.

Ba su kai na wasu yawa ba, wataƙila shi ya sa aka daɗe ana jira. Amma suna nan suna iyo, suna kaɗa wutsiya kamar ƴaƴan kwaɗi a tafki farkon damina. Nomau ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, gemunsa a jiƙe yake.

“Wanga duka nawa na?”

“Naka na,” in ji Baba Iliya.

“Ashe ni nic cuce ta.”

Na ce a'a, ni ne. Ko kallona bai yi ba. Ya nemi a rubuta sabuwar takarda, likita ya sa hannu, daga nan bai koma gida ba, Babankatami ya nufa. An ce a gaban liman da dattawan garin ya sa aka karanta ta, ya durƙusa wa surukinsa. Tsahara ba ta bi shi ba a lokacin. A gidan ubanta ta haihu, mace, Nomau ya kai rago ya raɗa suna. Sai da ta yi arba'in biyu aka shawo kanta ta koma. Ni kuma na kai kaina gaban shugabannin asibiti na faɗi abin da na yi. Ba a kore ni ba. An mayar da ni wankin lam wata uku, na karɓa, don na san da sauƙi aka yi mini.

Tun daga ranar ba a ajiye kwalba a teburina sai na juya ta a tafin hannu. Kun sha yi mini dariya a kan haka, kuna cewa tsoho na gaisawa da kwalba. Karatun tubulin da gado da kuke yi yanzu ya fi wanda Doguwa ta zana mana nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ne, akwai mazan da aka haifa da wannan matsala. A shekara talatin ban tabbatar da ko ɗaya da idona ba. Wanda na ce na gani, kun ji yadda ya ƙare.

Bayan kamar shekara huɗu, da damina, lokacin zazzaɓin sauro, wata mace ta zo taga da yarinya a kafaɗa, jikinta zafi rau. Na karɓi takardar awon jini, na ga sunan Nomau a gurbin uban yarinyar, da sunan ƙauyen. Na ɗaga kai. Siririyar mace ce, baƙa, da zane shuɗi a ka. Ita ma ni take kallo.

“Kai na Ishaya?”

“Ni na.”

“Don takardarka, wata huɗu ban tahi rijiya da rana ba.”

Na buɗe baki in ba ta haƙuri. Ba ta jira ba. Ta sauko da yarinyar, ta kamo ɗan yatsanta na tsakiya, ta miƙo mini shi ta taga.

“Dibi da kyau, likita,” in ji ta. “Mu ba mu sauri.”

Layi ya kai bakin ƙofa a ranar. Lam biyu na shafa, na duba kowanne har ƙarshensa, sannan na ɗauki bik.